Jan Kati a Kwandon Eppo

Ranar da masu kwasar shara suka rataya jan kati a koren kwandon Eppo, ni ce na fara gani, domin tagar kicin ɗina tana kallon kwanar da muke jera kwanduna. Motar ta ɗaga na kowa ta juye, ta tsallake nasa. Yana nan a tsaye shi kaɗai, cike dam, katin yana lilo a hannun murfin. Na dire kofin gahawata ban ƙarasa ba, na zura takalman lambu na fita.

Na cim ma ɗaya daga cikin ma'aikatan kafin ya haye bayan motar.

"Kai, tsaya! Me wannan kwandon ya yi muku?"

"Madam, ba ganye kaɗai ba ne a ciki," in ji shi. Ya rage murya. "Akwai ƙunzugu. Na manya, wanda aka yi amfani da shi. A gaya wa mai shi ya fitar, sai kuma zagaye na gaba."

"Ƙarya ne. Ka san ko kwandon wane ne wannan?"

"Ni lamba nake karantawa, Madam, ban san mutane ba." Ya buga gefen motar, suka wuce suka bar ni da baki buɗe.

Eppo Dijkhuis maƙwabcinmu ne, bango ɗaya ya raba mu tun muna da ƙuruciya. Ya haura tamanin, matarsa ta daɗe da rasuwa, shi kaɗai yake zaune da lambunsa. Mutum ne da yake cire ɗan ƙarfen da ke jikin jakar shayi kafin ya jefa ta a kore. Kwalbar zuma sai ya wanke ta, murfi daban, kwalba daban. A duk layin nan, in an cire ni, babu wanda ya kai shi iya rarraba shara. Ni kuwa na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona, wai 'yar sandan kwando. Bai taɓa hana ni barci ba. Kore na ɓawon dankali ne da ragowar abinci da ganyen lambu, shuɗi na takarda, mai ruwan lemo na robobi da gwangwani, mene ne mai wuya a nan? Abin da bai shiga ko ɗaya ba sai rumbun ƙarƙashin ƙasa da ke bakin titi, wanda ba ya buɗuwa sai da ɗan makullin roba da ake ba kowane gida guda ɗaya. Namu yana cikin makullaina, a jakata. Kuma duk ledar da za ta fita daga gidana sai na kwance ta na duba.

Ba katin ne ya tayar mini da hankali ba, ɗan Eppo ne, Menno. Tun lokacin sanyin da ya wuce, da tsohon ya zame a ƙanƙara ya gurɗe hannu, Menno ya kama masa ɗaki a gidan tsofaffi can birni, ya tsaya kai da fata sai ya koma. Eppo ya ƙi. A ƙarshe suka yi yarjejeniya, shi Eppo ɗin ne ya gaya mini ta kan shinge yana dariya.

"Na ce masa, ranar da ka ga na kasa riƙe kaina, ka zo da mota, ba zan yi gardama ba. Zai daɗe yana jira, maƙwabciya."

Ranar Asabar Menno ya zo, kamar yadda ya saba, ya tarar da kwandon a ƙofar gida da katinsa. Eppo bai ɓoye ba, so yake ya nuna wa ɗansa cin mutuncin da aka yi masa. Bangon gidajenmu ba shi da kauri. Ban yi laɓe ba, guga nake yi, kuma a jikin bangon nan ne wajen jona wuta yake.

"Baba, ba abin kunya ba ne. Tsufa ne."

"Na ce maka ba nawa ba ne!"

"To na wa? Daga sama ya faɗo?"

"Je ka duba ɗakina. Duba gadona. Duba wandunana in kana so!"

"Ni ba lalurar ce ta fi damuna ba, Baba. A kore ka zuba. Kai fa! Kai da ka taɓa hana ni fita wasa saboda na jefa ledar alawa cikin ɓawon tuffa. In har ba ka tuna ka yi ba, ai maganar ta wuce ta ƙunzugu."

Can na ji Menno ya ce, a hankali, "In ya sake faruwa, kai ka yi alkawarin da bakinka."

Raina ya ɓaci har na ƙona wuyar rigar Tammo.

Tammo mijina ne. Kifi ya sayar a kasuwa duk rayuwarsa, ƙaton mutum mai murya, wanda in ya yi tallan kifin hayaƙi daga wannan bakin kasuwa ana jinsa a wancan. Tun da ya bar rumfa ya zama wani iri. A bana abin ya ƙaru. Ya jingine kekensa wai gwiwa, ya daina zuwa wajen mawaƙan mazan da yake rera waƙa da su ranar Alhamis, ya kwashe bargonsa ya koma ƙaramin ɗaki wai minsharinsa yana hana ni barci, minsharin da na saba da shi kamar ƙarar firji. Ko kofi na biyu na gahawa ya daina karɓa. Ni dai na ɗauka haushin zaman gida ne, na ƙyale shi ya ci kansa. Abu ɗaya ne bai fasa ba: duk yammacin jajiberin kwasar shara, shi yake bi ta lungun baya ya turo wa Eppo kwandonsa zuwa kwana, kamar yadda ya saba tun rasuwar matar.

Na zayyana masa duk abin da na ji ta bango. Yana yanka cuku yana ɗorawa a burodi, bai ɗago ba.

"Wani ne yake zuba masa," na ce. "Kuma sai na kama shi."

"Ki bar maganar, Geesje. Zai wuce."

"Zai wuce? A kwashe mutum daga gidansa a kai shi inda ake ba shi miya da ƙarfe biyar, ka ce zai wuce?"

"Ba a kwashe shi ba tukuna."

"Kai dai ba ka da zuciya. Kifi ya cinye maka ita."

Ya ci gaba da yanka cukunsa. Da can da ya rama, har ya ƙara da nasa.

Na fara da Lieke, yarinyar da ta tare a gidan ƙarshe da mijinta da jaririnsu. Su kaɗai ne masu ƙunzugu a layin, kuma na sha ganin kwalin madara a shuɗin kwandonsu. Na toya kek na tafi da shi. Ta karɓa da fara'a, ta zuba mini shayi, na bi ta nan na bi ta can har na iso inda nake so.

"Yara da cin ƙunzugu," na ce. "Ledar gida ba ta yi muku kaɗan? Wani sa'in mutum sai ya rasa inda zai zuba."

Ta dube ni, ta dubi kek ɗin. Ta tashi ta ɗauko ƙunzugun ɗanta ɗaya ta shimfiɗa a tebur, ko tafin hannuna bai rufe ba.

"Madam Geesje, duk layin nan an san na manya aka gani. Ko dai mijina kike nufi? In kira shi ya sauko ki duba?"

"Haba, wa ya ce haka?"

"Kek ɗinki ne ya ce."

Na fito ina jin zafi a kunnuwana. Yarinyar tana da baki, amma ba ita ba ce.

Daga nan na koma kan Menno. Wa zai amfana in gidan ya zama babu kowa? Na tuna wata Asabar da na gan shi tsaye a tsallaken titi, hannu a aljihu, yana kallon rufin gidan uban kamar mai taya saniya. Yana da makullin ƙofar baya. Yana zuwa da jaka, yana komawa da jaka. Da na faɗa wa Tammo, ajiye cokali ya yi.

"Ɗan cikinsa kike zargi?"

"Kowa nake zargi."

"Yaron da ya girma a gabanmu, Geesje."

"A gabanmu ya girma, a birni ya ƙarasa."

Na zargi ma'aikaciyar jinyar da take zuwa gidan da ke fuskantarmu da safe, har na bi ta da ido zuwa motarta, na ga da ledarta take tafiya a ɗaure. Na zargi mai yawo da karen nan da ba ya gaisuwa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wata rana na shiga wajen Eppo shan gahawa, sai na kama kaina ina shaƙar iskar falonsa. Ina kallon kujerarsa da ya tashi. Na nemi shiga ban ɗaki ba don ina buƙata ba, na buɗe ɗan kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo. Sabulu ne da man aski da tsumma. Da na fito yana tsaye a baranda da farantin biskit.

"Kin samu?" in ji shi.

"Samu me?"

"Ke ma, maƙwabciya?" Bai yi faɗa ba, murmushi ma ya yi, wanda ya fi faɗan ciwo. "Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Na fara tambayar kaina. Jiya na tsaya gaban kwanduna da ɓawon ƙwai a hannu, na kasa jefawa. Ina ta cewa, to in ni ne fa, ban sani ba?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba shi ba ne, na kuwa faɗa da ƙarfi don ni ma in ji.

Da jajiberin zagaye na gaba ya matso, na shirya. Lokacin zafi ne, rana ba ta faɗuwa da wuri, na ja kujera bakin taga na zauna da saƙata. Da safiyar ranar na gaya wa Tammo cewa da zarar na gama da wannan magana zan share rumfar bayanmu, domin wani wari nake ji a wajen, mai yiwuwa ɓera ya mutu a bayan tsofaffin akwatunan kifinsa. Ya ce shi zai share. Na ce na san irin shararsa. Da yamma ya bi ta lungun baya kamar kullum, ya ɗan jima, sannan na ga ya ɓullo kwana da kwandon Eppo, ya jera shi kusa da namu, ya dawo ya wanke hannu. Na zuba wa kwandon nan ido har haske ya ƙare. Da gari ya waye na koma kujerata tun kafin motar ta shigo layi. Babu wanda ya taɓa shi. Ko kyanwa ba ta hau murfin ba.

Motar ta zo. Ma'aikacin nan ya buɗe murfi, ya zura wata doguwar sanda har ƙasa, ya motsa, ya leƙa. Ya ciro jan kati daga aljihu.

In babu wanda ya taɓa kwandon a kwana, to daga gida ya fito da abin da ke cikinsa.

Eppo da kansa ya jawo shi zuwa lambun baya, ya ƙwanƙwasa shinge.

"Maƙwabciya, zo ki zama shaida. Ba na so in buɗe ni kaɗai."

Ya shimfiɗa tsohuwar tamfol a kan duwatsun lambu, muka kama kwandon mu biyu muka kifar. Ciyawar da ya yanka ta zubo, da busassun furanni, da ɓawon dankali, da garin gahawa. Daga can ƙasa kuma sai ga ƙunshi-ƙunshi na jarida suna gangarowa. Sandar ma'aikacin ta huda ɗaya, farin abin yana leƙowa. Sauran suna nan lafiya lau, a naɗe tsaf.

Eppo ya zauna a bakin kwandon furanni.

"Ban san su ba," ya ce. "Wallahi ban san su ba."

Ni ban ji shi sosai ba. Naɗin nake kallo. An ɗora abin a kusurwar jarida, an mirgina sau ɗaya, an lanƙwaso gefe da gefe ciki, an ƙara mirginawa, sannan an cusa harshen ƙarshe a ƙarƙashin ninkin, ba zare, ba gam, ko an jefar ba zai kwance ba. Mutum ɗaya na sani a garin nan mai irin wannan naɗi. Na tsaya kusa da shi a rumfa ranakun Asabar ba iyaka, ina karɓar kifi a naɗe haka ina miƙa wa mutane. Keke da aka jingine, da ƙaramin ɗaki, da kofi na biyu, da warin rumfar baya, duk suka taru suka nuna mini Tammo.

"Geesje? Kin ga wani abu?"

"Ba kai ba ne," na ce. "Wannan karon na tabbata."

"Yaushe Menno zai yarda? Lieke ta riga ta gan ni da katin, gobe kowa ya ji. Menno ya yi waya ɗazu, wai Asabar zai zo da akwatuna."

Na ɗauki ƙunshi ɗaya na sa a aljihun rigar aikina, na taimaka masa muka mayar da ganyen.

Tammo yana kicin yana gyara hannun tukunya. Na ɗora ƙunshin a tebur gabansa. Ya dube shi. Ƙaton mutumin nan sai na ga ya ragu a cikin rigarsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ƙarshen sanyi."

"Ka ga likita?"

"Na gani. Ya ce ba abin da ke kisa ba ne. Yana iya raguwa, yana iya ƙin raguwa."

"Ni ce kuma ba za a gaya wa ba? Ni wace ce a gidan nan, 'yar haya?"

"Ke ce mai kwance leda, Geesje." Bai ɗaga murya ba. "Komai sai kin buɗe kin duba. Makulli yana jakarki. Kwandunan titi bakinsu ko kofin takarda da kyar yake shiga, kuma duk inda na tsaya a garin nan sai wani ya ce, a'a, Tammo mai kifi! In kai ina? Na Eppo kullum cike yake da ganye. Na ɗauka babu mai gani."

"Na farko ka ɗauka babu mai gani. Na biyun fa? Ka ji abin da ɗansa ya ce, ni na gaya maka da bakina!"

"Kin ce za ki share rumfa. A can nake ɓoye su."

Haushi da tausayi suka haɗu mini wuri ɗaya, na rasa wanda zan fara da shi. Na so in rungume shi, na so in kwaɗa masa tukunyar da ke hannunsa. Ban yi ko ɗaya ba.

"Asabar Menno zai zo da akwatuna," na ce. "Ni ba zan faɗa ba. Ba nawa ba ne da zan faɗa."

Ya koma kan hannun tukunyarsa. Washegari ma bai tayar da maganar ba. Muka ci abinci shiru, muka kalli labarai shiru. Ina jin Eppo ta bango yana buɗe aljihunan tebur yana rufewa, kamar mai neman abin da ya san babu.

Ranar Asabar motar Menno ta tsaya, ya fito da kwalaye a ninke a hammata. Ina tsaye a taga. Sai na ji takun Tammo a matakala. Ya sanya rigarsa ta zuwa waƙa, ya taje gashi, ya wuce ni ya nufi gidan Eppo. Na bi shi.

A falon Eppo akwai gahawa a tebur, babu mai sha. Tsohon yana kujerarsa, ya sa takalman fita, hularsa a gwiwa. Ya riga ya sallama.

"Kawu Tammo," in ji Menno, domin haka yake kiransa tun yana ƙarami. "Ku zauna mana. Ba yau zai tafi ba, kaya kawai za mu fara..."

"Nawa ne," in ji Tammo.

"Na'am?"

"Abin da aka gani a kwandon. Nawa ne. Ni nake zubawa in na zo tura masa."

Menno ya yi ɗan murmushi mai ban tausayi, ya girgiza kai.

"Na gode, Kawu. Na san kuna ƙaunarsa. Amma rufa masa asiri ba taimako ba ne. In ya bar tukunya a wuta fa, ku ma za ku ce ku ne?"

"Yaro, na ce maka nawa ne."

"Ku? Haba. Ku da kuke ɗaga akwatin kifi biyu a kafaɗa?"

Tammo ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya kwance bel ɗinsa, a tsakiyar falon mutane, da rana tsaka, ya ja bakin wandon ƙasa kaɗan. Farin bakin ƙunzugun ya bayyana. Fuskarsa ta yi jawur har wuya, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Ya isa, ko in ƙara?"

Menno ya juya fuska. Kwalayen suka zame daga hannunsa suka faɗi a ƙasa.

"Baba," ya ce. "Baba, ka yi haƙuri. Ka gaya mini ban..."

"Kwashe kwalayenka ka mayar mota," in ji Eppo. Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya cire duka biyun ya zura silifas ɗinsa na gida, sannan ya ɗago ya dubi Tammo.

"Na tsaya gaban kwandona da ɓawon ƙwai ina zargin kaina, maƙwabci. Kana jina ta bango."

"Na sani."

"Makullin rumbuna yana rataye a bayan ƙofar can. Sai in yi mako biyu ban taɓa shi ba. Da ka ƙwanƙwasa ka ce, Eppo, ara mini, da ban tambaye ka dalili ba."

Tammo ya gyara wandonsa ya ɗaure bel.

"Daga yau ni zan riƙa tura kwandona," in ji Eppo. "Ku gaida gida."

Muka fito. A bakin ƙofarmu na kama hannun Tammo, abin da na manta rabon da in yi a waje. Da muka shiga na zazzage jakata a tebur, na ɓalle ɗan makullin rumbun daga cikin makullaina har na karya farce, na buga ƙusa a jikin ƙofar baya na rataye shi. Na ce masa ledar ƙaramin ɗaki tasa ce, ba zan ƙara kwance ta ba. Ya gyaɗa kai.

Eppo yana gidansa har yanzu. Menno yana zuwa ranar Asabar, ba jaka, ba kwali, wani sa'in ma shi yake yanke ciyawa. Jajiberin kwasar shara ina ganin tsohon ta taga yana tura koren kwandonsa da kansa, yana tsayawa yana hutawa, in Tammo ya fito zai taimaka sai ya ɗaga masa hannu ya ce a bari. Ba su koma shan gahawa tare ba. Gaisuwa ce kawai, ita ma a taƙaice.

Kwanaki kaɗan bayan wannan Asabar ɗin na fita shanya, na ga an buga sabuwar ƙusa a kan shingen da ya raba lambunanmu, ta ɓangarenmu. Makullin Eppo ne rataye a jiki. Babu wanda ya yi maganarsa, har yau. Da safe Tammo yana fita ta baya da 'yar ledarsa, ya miƙa hannu ya zare shi, ya je bakin titi ya zuba a rumbu, ya dawo ya mayar.

Nawa yana nan a ƙofar baya, inda na rataye shi. Kullum sai na duba, bai taɓa shi ba tukuna.